Wake Ashirin da Sandar Maigida

Shekarar da yaƙi ya rufe jami'o'in Khartum, 'yata ta fari ta dawo mana Gadarif da jaka ɗaya a kafaɗa. Ba na kiran sunanta, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran nawa ba, don haka a nan ma "yarinyar" zan ce, ko da yake ta fi ni tsawo da tafin hannu guda. Da na buɗe jakar don in wanke mata kaya, abin da na tarar shi ne riga biyu, ƙaramin Alƙur'ani, wani littafi mai kauri da Turanci, da 'yar jakar zane cike da wasu duwatsun roba masu fuskoki da yawa, kowace fuska da lamba. Na ce a raina, ikon Allah, mutum ya gudo daga wuta, ya bar bargonsa da takalmansa, ya ɗauko duwatsu.

Yarinyar da ta tafi karatu mai surutu ce, har ubanta yakan ce rediyon gidan ba ya buƙatar batir. Wadda ta dawo ba ta magana. Ta gaishe mu, ta yi salla, ta ɗan tsakuri kisra, wainar dawarmu mai faɗi, ta koma kan angarib, gadon igiya, ta juya wa duniya baya. In iska ta buga ƙofar gidan da ƙarfi sai ka ga kafaɗunta sun zabura. Ba ta gaya mana abin da ta gani a hanya ba, mu ma ba mu tambaya ba. Wata biyu muna haka. Ni dai addu'a nake yi, ina ƙara mata sukari a shayi, don abin da na iya ke nan.

Damina ce ta kawo sauyi. Wanda ya san taɓon garinmu ya san yadda yake cire wa mutum takalmi ya riƙe. Ƙanena, wanda yara ke kira Kawu, direban tarakta ne a wata babbar gona ta wajen Hawata, ya zo mana kwana ɗaya, ruwa ya rufe hanya, ya yi kwana tara. Akwai kuma ƙanwar maigidana, Gwaggon yara, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, katangar ma da ɓaraka, ta nan take shigowa kullum bayan la'asar a sha jabana, gahawar da muke dafawa a garwashi. Su biyun nan ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ita tana ce masa "direba", shi yana ce mata "Hajja", alhali ko Fotsudan, tashar alhazai, ba ta taɓa zuwa ba.

Ranar nan muna ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, ina soya bunni, ƙwayar gahawa, Kawu ya ga jakar duwatsun a kan taga ya zazzage su a tabarma.

"Waɗannan kuma na wane boka ne?" in ji shi.

Daga cikin ɗaki muka ji murya: "Kawu, kada ka ɓatar mini da mai fuska ashirin."

Cokalin da ke hannuna ya tsaya. Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi tun dawowarta.

Ta fito ta zauna a bakin tabarma ta yi mana bayani. Wasa ne da suke yi da ƙawayenta a ɗakin kwanan ɗalibai. Kowa zai ɗauki mutum ɗaya na cikin labari, a rubuta masa a takarda ƙarfinsa nawa, jininsa nawa, da makamin da yake riƙe. Mutum ɗaya ne mai ba da labarin, shi ne hanya, shi ne ruwan sama, shi ne 'yan fashi. In kana so mutuminka ya yi wani abu, sai ka faɗa, ka jefa dutsen. Babbar lamba, ka yi nasara. Ƙarama, ka sha ƙasa.

"Wato tatsuniya ce da ake ba mai sauraro sanda," in ji Gwaggo. "To a ba ni."

Haka muka fara. Yarinyar ce mai labari. Kawu ya zama jarumi mai takobi, Gwaggo ta zama wata tsohuwa mai faɗa, ba ta ma sha wahalar shiga rigar ba. Ni na zaɓi mai ɗaukar salkar ruwa da magani, don ba ni da zuciyar dukan kowa ko a takarda. Da yarinyar ta fara kwaikwayon muryar kura, sai na juya baya kamar ina duba garwashi, don kada su ga idona.

A zama na uku aka kafa doka ta farko, kuma ba da dariya aka kafa ta ba. 'Yan fashi sun tare mu a bakin wani kwari, Kawu ya ce cikin raha, "Wannan wahalar duk ta mece ce? A ba ni bindiga in share su." Yarinyar ta tattara takardunta, ta daidaita gefensu a kan gwiwarta, ta shige ɗaki. Kawu ya kalle ni kamar wanda ya taka ɗan tsako. Washegari na ɗauko wani tsohon littafin makaranta da ya rage shafuka, na rubuta a sama da babban baƙi: babu bindiga a wannan labari, ba a hannunmu, ba a hannun abokan gaba. Na ajiye shi a tsakiyar tabarma inda za ta gani. Ta gani, ta zauna, ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Daga ranar na zama mai riƙe da dokoki. Littafin Turancin yana da nasa, shafi bayan shafi, amma wanda ya rubuta su bai taɓa daka gero ba.

Doka ta biyu saboda maigida ce. Ya shigo ya gan mu muna jefa duwatsu, na ga yadda ya matse baki. Daga baya ya ce mini abin ya yi kama da caca, ba ya son ganinsa a gidansa. Ni ma a gaskiya zuciyata ba ta kwanta da su ba. Sai na zaɓo manyan ƙwayoyin wake ashirin daga cikin ful ɗin karin kumallo, yarinyar ta rubuta musu lamba ɗaya zuwa ashirin da biro, muka zuba su a tsohuwar safa mai tsabta. Mai son duka ya sa hannu ya zaro ɗaya. Na ce masa ƙuri'a ce, kuma ba wanda ke ci ko a cinye shi. Ya ce, "Hm." Shekara ashirin da biyar da aure sun koya mini cewa wannan "hm" ɗin ba izini ba ne, jinkiri ne.

Sauran dokokin duk daga gardamar Gwaggo da Kawu suka fito. Littafin ya ba takobi lamba mai tsoka. Gwaggo ta ce ita taɓarya take so, aka duba, babu taɓarya a littafin.

"To littafin bai cika ba," in ji ta. "Direba, ka taɓa riƙe takobi a rayuwarka?"

"Na taɓa gani a gidan biki."

"Ni kuwa shekara arba'in ina riƙe taɓarya. Wa ya fi wani sanin makaminsa?"

Sai na rubuta: ba a shiga faɗa sai da abin da wani a gidan nan ya taɓa riƙewa da hannunsa. Takobin Kawu ya tafi, aka ba shi lauje irin na yankan riɗi. Ya yi fushi na minti biyu, sannan ya gano cewa lauje yana iya ƙwamuso garkuwa daga hannun mutum, ya sa na rubuta. Muka yarda sanda tana riga wuƙa isa saboda tsawo, amma in mai wuƙa ya shigo jikinka, sandarka ta zama itacen girki. Taɓarya tana cire jini ninki biyu, sai dai mai ita zai rasa zagaye ɗaya wajen ɗagawa, don duk matar da ta yi daka ta san ba a sauke ta sau biyu a numfashi ɗaya. Muciya ba ta kisa, amma wanda aka buga wa a gwiwar hannu sai ya saki abin da ya riƙe. Wannan daga ƙuruciyar Kawu na samo ta, shi ne shaida.

Na ƙara nawa na kaina, ba wanda ya roƙe ni. Wanda jininsa ya ƙare ba a cewa ya mutu, a ce ya faɗi. Wanda ya faɗi ba a ƙara masa, ko ɗan fashi ne, kuma ni mai salka ina da ikon ba shi ruwa. In an kira salla faɗa ya tsaya inda yake, ko da mashi na sama. Sai ta ƙarshe, wadda ba mu ma yi gardama a kanta ba don kowa ya ga daidai ce: littafin ya ce a jefa lamba a ga wa zai fara duka, mu muka ce wannan rashin kunya ne, babba ke farawa, kamar yadda ba a riga shi sa hannu a akushi. A lokacin Gwaggo ce babba a tabarmar, kuma ita ba a jiran ta, taɓaryarta kullum a sama take.

Hanya ta bushe Kawu ya koma gona, amma duk Alhamis sai ga shi. Yarinyar ta fara cin abinci sosai. Da safe ina jin ta tana shara tana gwada muryoyi ita kaɗai. Dariya dai ba ta dawo ba. Mu take sa wa dariya, ita fuskarta a ɗaure kamar alƙali.

Sai ranar randa. Gardama ta tashi a kan ko lauje zai iya tare taɓarya tana saukowa. Kawu ya ce zai iya, Gwaggo ta ce sai dai a kwashi laujen da mai shi a buhu ɗaya. Kafin in ce a zaro wake, Gwaggo ta miƙe ta ɗauko taɓaryata ta gaske, Kawu ya ɗauki muciya a madadin lauje, wai a gwada a hankali. Manyan mutane, ɗaya da furfura. Ta ɗaga, ya tare, taɓaryar ta goce ta sauka a cikin babban zir ɗinmu, randar da mai kurar jaki ya cika da safiyar nan. Ƙarar fashewar ta sa yarinyar ta dunƙule wuri ɗaya, hannu a kunne. Ruwa ya bi tsagar ƙasa ya shige. A daidai lokacin maigida ya yi sallama.

Ya dubi ƙanwarsa da taɓarya, ya dubi surukinsa da muciya, ya dubi 'yarsa a dunƙule. Ba mai ɗaga murya ba ne. Shi ake kira in maƙwabta sun saɓa a kan iyakar gona ko dabba ta ci shuka, yana cikin dattawan da muke kira ajawid, masu zaman sulhu.

"An gama wasan nan a gidan nan," ya ce. "Yarinya ta gudo daga faɗa, ku kun shimfiɗa mata shi a tabarma."

Yarinyar ta shige ɗaki. Kwana biyu ta koma yadda ta zo, fuska ga bango.

Na same shi bayan sallar asuba yana jan carbi. Na ce, "Malam, ban taɓa tsallake maganarka ba, yau ma ba zan tsallake ba. Amma ka yanke hukunci ba ka saurari shari'ar ba, kuma ba haka kake yi wa mutanen waje ba. Ka zauna da mu sau ɗaya. In ka tashi ka ce a bari, ni da hannuna zan dafa waken."

Ya daɗe yana jan carbin. "Juma'a bayan la'asar," ya ce. "Sau ɗaya."

Da ƙyar na lallashi yarinyar ta fito. Kawu ya zo da sabon zir a bayan babur, kansa a ƙasa. Gwaggo ta zo da tsarabar gyaɗa, ta zauna kamar sabuwar ɗaliba. Aka ba maigida takarda: tsohon manomi mai sanda. Ya karanta dokokina daga farko har ƙarshe, da tabarau a kan hanci, ya tsaya a kan ta kiran salla ya ɗan gyaɗa kai.

Yarinyar ta fara da murya ƙasa-ƙasa. Zamanin da ne, muna kai buhunan riɗi Gallabat a kan raƙuma. Mun iso wani busasshen kwari, sai ga mutum uku, kowa da mashinsa, sun fito daga bayan itatuwa, sun tare hanya.

"Baba, kai ne babba," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Kai za ka fara. Me za ka yi?"

"Na yi musu sallama."

"Sallama kuma, Haj?" in ji Kawu. "Masu fa suka riƙe."

"Ko da me suka riƙe. Sun amsa?"

Yanzu yarinyar ce shugaban 'yan fashin, dole ta yi magana da bakinsa, kuma da ubanta. Ta kumbura murya: "Kai tsoho! Sauke kayan ka wuce!"

Gwaggo ta dafe ƙirji. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ce masa ko "kai" da ƙarfi ba.

Maigida ya gyara zama. "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?"

Nan muka gane kuskurenmu. Dokarmu ta ba babba fara duka, amma ba mu taɓa zama da babban da ba ya duka ba. Su kuwa 'yan fashi ba 'yan gidanmu ba ne, ba su da wanda suke jira. Yarinyar ta sa hannu a safa ta zaro musu sha bakwai. Mashi ya sami Kawu a cinya, jini huɗu ya tafi.

"Haj, ka ɗaga sandar mana!"

"Ba a kai nan ba tukuna."

"Gwaggo," in ji yarinyar, "Baba ya yi nasa, ya zaɓi magana. Kina iya duka yanzu."

"Yaya yana magana in ɗaga taɓarya a kansa? Ba a yi mini tarbiyya ba ne?"

"To Kawu?"

"Ni in riga surukina? A gidansa? Bayan randa?"

Suka dube ni. Na ce ni salka ce a hannuna.

Aka zagayo. Maigida ya tambayi 'yan fashin ko sun ci abinci, ya ce a sauke musu dabino. Suka zaro sha biyar, Kawu ya rasa jini uku. Ya tambaye su wane ne babbansu a ƙauye, don a aika masa. Suka zaro sha tara.

"Me ya sa ni kaɗai suke suka?" in ji Kawu. "Ga Hajja nan ta fi ni faɗi!"

"Sun san mai mutunci," in ji Gwaggo. "Direba, mutu da ladabi, Yaya yana magana."

"Faɗi," na gyara mata. "Ba a mutuwa."

Maigida bai ko dube su ba. Idonsa na kan yarinyar. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Yaro, ban ga alamar ɓarawo a fuskarka ba. Ina gidanku? Me ya fito da kai?"

Ta buɗe baki da muryar ɗan fashin, amma kumburin ya sace a hanya. "Babu gidan," ta ce. "Mun fito da kayan jikinmu. Kwana huɗu muna tafe. A hanya an sauke wasu daga motar, ba su dawo ba."

Babu mota a zamanin raƙuma. Ba wanda ya gyara mata. Na ji garwashi yana ƙara a murhu, na ji jakin maƙwabta. Na riƙe gefen mayafina da ƙarfi ina salati a zuci.

"To ka iso," in ji ubanta a hankali. "Ajiye mashin. Ga mai ruwa nan, ta ba ka ka sha."

Ta share hanci da bayan hannu. "Sai ka zaro wake, Baba. In ya haura goma ya yarda."

Ya yi bismilla, ya sa hannu a safar da nutsuwar mai raba gado, ya zaro, ya miƙa nesa yana ƙanƙance ido.

"Uku."

Yarinyar ta dubi waken, ta dubi Kawu. "Bai yarda ba," ta ce. "Ya sake sukar Kawu."

"La ilaha illallah! Ni me na yi wa yaron nan?" Kawu ya kwanta rigingine a tabarma, ƙafafu a sama, yana kiran a kawo salka.

Sai ta fashe. Dariyar da na yi wata huɗu ina roƙo a sujada, ta zo da hawaye da majina da shaƙuwa, har ta kifa kanta a cinyar Gwaggo. Gwaggo na buga mata baya tana cewa, "Ke, za ki shiɗe," ita ma tana yi. Ni dai na zuba wa Kawu ruwan gaske a kofi, don na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Ana cikin haka aka kira magariba. Doka doka ce. Mashi ya tsaya a sama, Kawu a ƙasa, taɓaryar Gwaggo ba ta bar kafaɗa ba. Maigida ya miƙe ya ɗauki buta. Muna ta jiran hukunci, safar waken tana cinyata. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, sannan ya juyo.

"Kada a taɓa takardun nan," ya ce. "Gobe bayan la'asar. Ban gama magana da yaron nan ba."

Sai da ya yi zama uku kafin ɗan fashin ya ajiye mashi, kuma a zaman ukun nan mun ji labarin hanyar Khartum gutsure-gutsure, rabi daga bakin ɗan fashi, rabi daga bakin mai shi. Na gyara dokar: babba yana da wake uku na sulhu, in duka sun gaza, na ƙasa da shi suna iya ɗaga makami ba tare da an ce sun yi rashin kunya ba. Kawu ya nemi a ƙara cewa shi zai riƙa tsayawa a bayan raƙuma har a gama gaisuwa. Na rubuta masa.

Littafin yana nan cikin akwatina, shafinsa na huɗu da tabon jabana. Tsohon manomin ya kai Gallabat ya dawo, ya yi tafiye-tafiye da yawa bayan nan, ɗan fashin yana ja masa raƙumi. Sandarsa kuwa har yau ba mu san nawa take cirewa ba. Wurin lambar a takardarsa babu komai, don bai taɓa ɗaga ta ba balle mu yi gardama.